Sojan da ya mamaye ƙasar wasu ya rubuta ranar fitarsa

Ranar Asabar da daddare muna zaune wajen mai shayi a Bauchi Road cikin garin Jos sai wani yaro ya miƙo waya yana nuna tsohon bidiyon nan na filin jirgin Kabul, wanda mutane ke bin jirgin sojan Amurka da gudu wasu har sun maƙale a jikinsa. Nan take majalisa ta rabu biyu. Wani Alhaji ɗan kasuwa yace ai babban laifin Amurka shine fitar da tayi daga Afghanistan, da ta zauna da yanzu 'yan mata na zuwa makaranta. Wani malamin firamare kuma yace "Alhaji ka bar wannan maganar, duk sojan waje a duk inda yake ya tattara komatsansa yau yau, abinda zai faru ya faru."

Duka maganganun biyu sun tsaya min a rai, don kowanne a cikinsu da jinin mutane ake biyan kuɗinsa, kuma ba jinin masu faɗar bane.

Matsayina shine: duk ƙasar da ta jibge soja a ƙasar wasu, ta fita, kuma da wuri. Ta rubuta ranar fitar a takarda, ranar da aka yanke tare da masu ƙasar, har da waɗanda ke harbinta da waɗanda sukayi mata aiki. Kar ta ce wai sai ƙura ta lafa tukuna, don galibi zamanta ne ke tada ƙurar. Sannan hawa jirgi baya goge bashin ɓarnar da tayi, bashin na binta har gida.

Idan mutum ya yaye maka rufin ɗaki da damina ba tare da izininka ba, ba zaka bashi ɗaki a gidanka ya tare har illa masha Allah da sunan yana gyara ba, kuma ba zaka barshi ya kama gabansa ruwa na zuba kan 'ya'yanka ba. Mai unguwa zaka kira a yanke masa kwanaki, ya sayo kwano da ƙusa, ya gyara ya fita, abinda ruwa ya lalata ya biya.

Abinda Jos ta koya mana

Mu mutanen Jos mun san wani abu akan zama da soja a bakin titi. Anyi rikicin Satumba 2001, anyi na Nuwamba 2008, anyi na Janairu 2010, daga nan shingayen soja suka zama wani ɓangare na garin. Buhunan yashi, ganguna, tsofaffin tayoyi, ka rage gudu ka kunna fitilar cikin mota idan dare ne. Yaron da aka haifa a 2010 ya girma bai san garin ba tare da wannan ba.

Kar wani ya juya min magana, waɗannan sojojinmu ne, 'yan ƙasa ne, ba mamaya sukayi ba, kuma akwai unguwannin da ba don su ba da labari ya sha bamban. Amma ku lura da abinda daɗewa ke yi. Mutum bashi yake bin maƙwabcinsa, maimakon ya je wajen mai unguwa ko ofishin 'yan sanda sai ya nufi shinge, don can ne ake jin magana da sauri. Dattawan da suka saba zama su sasanta tsakanin unguwa da unguwa sai suka ja baya tunda ga masu bindiga. Kuma duk ranar da aka fara raɗe raɗin za'a ɗauke wani shinge sai kaga mutane sun shiga fargaba, waɗanda jiya ke ƙorafi akansa su ne yau ke roƙon a barshi.

Toh idan sojan da ke jin yarenmu, wanda muke haɗuwa dashi a masallaci ko coci, zamansa na jawo wannan dogaron, ina ga wanda ya zo daga wata nahiya, sai da tafinta yake magana da kai, kuma bai san bambancin ɗaurin aure da taron 'yan tawaye ba idan ya hango daga sama?

"A bari sai an samu zaman lafiya"

Wannan itace hujjar da tafi daɗin ji, kuma itace ta fi cin rayuka. Amurka ta shiga Afghanistan a Oktoba 2001. A zamanin Obama sojojinta a ƙasar sun kai wajen 100,000. Shekara ashirin ana cewa saura kaɗan, sojan ƙasar ya kusa tsayawa da ƙafarsa, a ƙara haƙuri. Da aka tashi fita a 2021 biranen suka dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ranar 15 ga Agusta Taliban ta shiga Kabul, shugaba Ashraf Ghani ya bar ƙasar.

Abinda shekara ashirin bata gina ba, ku gaya min shekara ta ashirin da ɗaya ce zata gina?

Matsalar sharaɗin "sai an samu zaman lafiya" itace wanda ya mamaye shine alƙalin da zai ce an samu ko ba'a samu ba. Sannan akwai mutane da dama da fitar bata yi musu daɗi: ɗan siyasar da bindigar baƙo ce ke riƙe masa kujera, ɗan kwangilar da ke kai mai da abinci bariki, janar ɗin da baya so a rubuta cewa a hannunsa aka sha kashi. Kowannensu na da dalilin cewa a ƙara shekara ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma duk ƙofar da aka ɓalle da tsakar dare aka shiga kan matan aure, duk bam ɗin da ya faɗa inda bai kamata ba, sabbin mayaƙa ake haifa wa 'yan tawaye kyauta. Ku duba Somaliya: Habasha ta shiga a ƙarshen 2006 ta kori ƙungiyar Kotunan Musulunci da ke riƙe da Mogadishu, kafin ta fita a Janairu 2009 Al-Shabaab ta riga ta zama babbar ƙungiya, kuma babban abinda take jan matasa dashi shine ga sojan Habasha a ƙasarku.

"Idan ka faɗi rana ai abokin gaba zai jira ka"

Eh zai jira. Amma ko baka faɗa ba jiranka yake, don shi gida yake, kai ne baƙo, kuma Bahaushe yace baƙo raɓa ne. Ɗan tawaye bashi da jirgin da zai hau ya koma wata ƙasa, a nan aka binne kakansa.

Wanda rashin rana ke cuta shine talaka da kuma gwamnatin da aka kafa. Muddin babu rana, minista ba zai taɓa gyara sojansa da gaske ba, zai cigaba da karɓar albashin sojojin bogi yana sawa a aljihu tunda ya san akwai jirgin baƙo a sama. Rana ce ke tilasta kowa ya zauna ya yi lissafi: wa zai riƙe filin jirgi, wa zai biya albashi, da wa ya kamata in sasanta tun ina da sauran ƙarfi.

Masu wannan hujjar suna yawan kawo Iraƙi. Suce Amurka ta sa hannu a 2008 cewa zata fita kafin ƙarshen 2011, ta fita a Disamba 2011, sai gashi a Yuni 2014 ISIS ta kama Mosul. Gaskiya ne haka akayi. Amma a koma baya kaɗan. A Mayu 2003 Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya mulki Iraƙi, ya rushe rundunar sojan ƙasar gaba ɗaya da takarda ɗaya, ya kuma kori 'yan jam'iyyar Ba'ath daga aikin gwamnati. Dubban ɗaruruwan mutanen da suka iya bindiga suka wayi gari babu aiki, ga zuciya. Bayan haka gwamnatin Nouri al-Maliki ta mayar da 'yan Sunni saniyar ware, ga yaƙin Siriya a maƙwabta. Wutar Mosul tun 2003 aka haɗa itacenta. Da sun ƙara shekara biyar ma ba zasu mayar da hannun agogo baya ba.

Maganar 'yan matan Kabul

Wannan hujjar Alhaji ce kuma ban raina ta ba ko kaɗan. Ina da 'ya'ya mata, kuma hana yarinya karatun sakandare da Taliban tayi, da rufe wa mata jami'o'i a Disamba 2022, zalunci ne da babu inda addininmu ya koyar dashi. Duk wanda ke murnar fitar Amurka amma baya iya buɗe baki ya faɗi wannan, ba adalci ne a gabansa ba.

Sai dai 'yancin da ke rataye a bakin bindigar baƙo tare da baƙon yake tafiya, abinda muka gani kenan da idonmu. Kuma akwai wasu matan da kyamara bata cika zuwa wajensu ba, matan ƙauyukan Helmand da Kandahar da suka shekara ashirin suna binne maza da 'ya'ya. Su ma 'yan Afghanistan ne. Lokacin da ya kamata a tsaya kai da fata akan makarantun 'yan mata shine lokacin da Amurka ke da abin bayarwa a teburin sulhu. Yarjejeniyar Doha ta 29 ga Fabrairu 2020 tsakanin Amurka da Taliban akayi ta, gwamnatin Kabul bata cikin masu sa hannu, kuma a ciki aka yi alƙawarin sakin fursunonin Taliban har 5,000 da ke hannun gwamnatin da ba'a gayyata ba. Amurka ta nema wa sojojinta hanyar fita lafiya, sauran kuma ta barsu da Allah.

Masu cewa a fita yau yau

Yanzu bari in juyo kan malam, don shima ban yarda dashi ba.

Yanda aka fita daga Afghanistan abin kunya ne. A farkon Yuli 2021 sojojin Amurka suka bar sansanin Bagram cikin dare. 'Yan kwangilar da ke gyara jiragen sojan Afghanistan suka tafi, jiragen suka fara zama a ƙasa. Ranar 26 ga Agusta ɗan ƙunar baƙin wake ya tada bam a ƙofar filin jirgin Kabul ya kashe sojan Amurka 13 da 'yan Afghanistan kusan 170, mutanen da suka yi cincirindo riƙe da takardu suna neman a fitar dasu. Bayan kwana uku jirgin Amurka mara matuƙi ya kashe fararen hula 10 'yan gida ɗaya, 7 daga ciki yara. Tafintoci da direbobi da masu gadi da yawa da suka yi musu aiki aka barsu a baya suna ɓuya.

Kuma wannan ba sabon abu bane. Da Faransa ta bar Aljeriya a 1962 bayan yarjejeniyar Evian, 'yan Aljeriyar da suka yi mata aikin soja, waɗanda ake kira harki, ta bar mafi yawansu a baya kuma an kashe dubbai. Zaka iya cewa maciya amanar ƙasarsu ne. Wasu haka ne, wasu kuma yunwa ce ko tilas ta kaisu. Ko ma dai menene, wanda ya ɗauke su aiki shine ke da alhakin wuyansu, bai kamata ya barsu a yanka su shi yana cikin jirgin ruwa ba.

Akwai wani darasi da ba'a cika kawowa ba. Tarayyar Sobiyet ta gama fita daga Afghanistan ranar 15 ga Fabrairu 1989 bisa yarjejeniyar Geneva ta 1988, kowa na cewa gwamnatin shugaba Najibullah da ta bari a Kabul ba zata yi wata uku ba, sai gata ta kai har Afrilu 1992. Me ya riƙe ta? Mai da makamai da abinci da kuɗin da Mosko ke aikowa. Da Tarayyar Sobiyet ta ruguje a ƙarshen 1991 tallafin ya tsaya, cikin 'yan watanni ta faɗi. Ba ina yabon Najibullah bane, hannunsa akwai jini. Abinda nake nunawa shine janye soja daban, yanke tallafi daban, kuma sau da yawa na biyun ne ke kada ƙasa. A 2021 kuwa bayan an fita sai aka riƙe wajen dala biliyan 7 na babban bankin Afghanistan a Amurka, wanda ya fi jin jiki shine ma'aikacin da ke layi a banki yana neman albashinsa.

Mu ma mun taɓa fita daga wani wuri

Muna magana kamar abin na Turawa ne kaɗai, alhali Najeriya ma ta taɓa tsayawa a wannan matsayin. Bakassi nake nufi. Na san da yawa ba zasu so a kira zaman sojojinmu a can mamaya ba, mu a wajenmu ƙasarmu ce, amma Kamaru haka ta kira shi, ta kai ƙara kotun duniya, kuma ranar 10 ga Oktoba 2002 kotun ta bata gaskiya.

Ku duba yanda aka bi. Ba'a fita washegari ba, kuma ba'a ce sai baba ta gani ba. Ranar 12 ga Yuni 2006 Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a gaban Kofi Annan, ga ƙasashe huɗu shaidu: Amurka, Ingila, Faransa da Jamus. Aka rubuta kwana 60 na janye soja, sojojinmu suka fita a Agusta 2006. Aka bar 'yan sanda da hukumomin farar hula na Najeriya a wani yanki na tsawon shekara biyu, aka miƙa shi ranar 14 ga Agusta 2008 a zamanin marigayi 'Yar'aduwa. Sannan aka ƙara shekara biyar na riƙon ƙwarya har 2013. Kamaru ta sa hannu cewa ba zata kori 'yan Najeriyar da ke wurin ba, ba zata tilasta musu canza ƙasa ba, ba zata hana su kamun kifinsu ba.

Abin yayi zafi, majalisar dattawa ma ta nuna rashin amincewarta a 2007, kuma har gobe akwai masu jin haushin Obasanjo akan wannan. Amma ba'a yi yaƙi tsakanin ƙasashen biyu ba, kuma bayan 'yan shekaru da Boko Haram ta taso sojojin Najeriya da na Kamaru suka tsaya a sahu ɗaya a yankin tafkin Chadi. Ku ɗan yi tunanin da a ce muna yaƙi dasu a kudu lokacin.

Inda muka gaza shine wajen mutanen. Masuntan da suka zaɓi dawowa Najeriya da yawa sun ƙare a sansanonin wucin gadi a jihar Kuros Riba suna jiran matsugunin da aka yi musu alƙawari, shekaru suna tafiya. Takardar ta tsara fitar soja daki daki, amma wanda ya rasa kwale kwalensa da gidansa aka barshi da yawon ofis ofis. Ko fita mafi tsari a nan take yin tuntuɓe, kuma shi yasa nake nanata maganar bashi.

Masar ma haka ta karɓi Sinai daga Isra'ila, yarjejeniya a 1979, janyewa mataki mataki har Afrilu 1982, da masu sa ido daga waje. Gaza kuwa a 2005 Isra'ila ta janye ita kaɗai ba tare da sulhu da kowa ba, ta riƙe sama da teku da mafi yawan ƙofofin shiga, kuma duk muna ganin inda aka kwana. Soja ya fita daga cikin gari ya koma ya tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu, wannan ba'a gama mamaya ba.

Maƙwabtanmu

Nijar da Mali da Burkina Faso lamarinsu daban ne, don gwamnatocinsu ne suka gayyato sojojin waje tun farko, shi yasa ba zan kira shi mamaya kai tsaye ba. Faransa ta bar Mali a Agusta 2022, ta bar Nijar a Disamba 2023, Amurka ta bar sansaninta na Agadez a 2024. Ƙasa tace baƙo ya tafi, dole ya tafi, ba sai ta kawo dalili ba, kuma na ji daɗin da aka fita ba tare da harbe harbe ba. Amma kashe kashe basu tsaya a Tillaberi ba, kuma a Mali an sallami Bafaranshe an kawo Barashe. Wanda ya kori baƙo shima akwai tambaya a kansa: wa zai tsare ƙauyen da baƙon ya bari?

Abinda yafi damuna shine namu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ECOWAS ta ba sojojin Nijar mako ɗaya su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi, kuma kowa ya san sojan Najeriya ne zai ɗauki mafi nauyin kayan. Anyi ta maganar yanda za'a shiga. Ban ji wanda ya tsaya ya gaya mana wa zai riƙe Yamai bayan an shiga ba, wata nawa za'a yi, da wa za'a zauna sulhu, wa zai biya diyyar Bamaraɗen da bam ya faɗa wa gida alhali ƙanwarsa na aure a Katsina. Allah Ya taimaka majalisar dattawa bata goyi bayan yaƙin ba, malamai da sarakuna suka shiga tsakani.

Kuma mun san halinmu. Mun shiga Laberiya a 1990 da ECOMOG, rundunar sojan ECOWAS, shekaru suka yi ta tafiya, muka zarce Saliyo, gawarwakin yaranmu na dawowa ba tare da an faɗa wa 'yan ƙasa adadinsu yanda ya kamata ba. Gambiya ma da aka shiga a Janairu 2017 ba tare da yaƙi ba, don Yahya Jammeh ya sauka, wa'adin rundunar aka dinga sabuntawa shekara bayan shekara.

Don haka duk ranar da wani shugaban ƙasa ya sake kawo wa majalisa buƙatar tura soja ƙasar wasu, ina roƙon sanatocinmu, musamman na jihohin da ke kan iyaka, kar su ɗaga hannu sai an ajiye musu takarda mai ɗauke da ranar dawowa, da sunan wanda za'a miƙa wa ragama, da kuɗin da aka ware na diyya da na mutanen da zasu yi mana aiki a can. Idan fadar shugaban ƙasa tace ba zata iya rubuta wannan ba, to sojan ya zauna a bariki, kar ya tsallaka Jibiya ko Illela.